Akwatin da Direba Bai Sauke Ba

Tunda na auri mutumin nan bai taɓa bari na ɗora hannu a kan sitiyari ba, ko da motar a kashe take. Direban babbar mota ne, kuma Direba kowa yake ce masa, har ni, har 'ya'yansa idan suna son su tsokane shi. Ni kuwa Tela yake kira na, saboda keken ɗinkin da na tsufa a kansa. In na ce, "Ka koya mini mana, ko gaba da baya ne," sai ya ce, "Tela, riƙe allurarki. Mota ba zani ba ce da za a farke a sake." To, Allah da ikonsa, ƙarshenta ni na riƙa tuƙa shi, yana zaune a gefena yana zuba mini masifa.

Ciwon a hanya ya same shi. Ya ɗauko buhunan taki na wani ɗan kasuwa, ya ci fiye da rabin tafiya, sai ya ji hannunsa na hagu ya saki sitiyari shi kaɗai, ƙafar ma ta yi nauyi. Da hannu ɗaya ya gangara da motar gefen titi, ya ja birki, ya kashe ta, sannan ya kife. Ko kaza bai taka ba. Wani direban aka turo ya ƙarasa da kayan, shi kuma aka kwaso shi zuwa asibiti.

Ranar da bakinsa ya buɗe ina zaune kusa da gadon, idanuna sun kumbura don kuka. Na matso da kunne ina jiran in ji ya ambaci Allah, ko ni, ko yaran. Sai ya ce, da bakin nan nasa da ya karkace, "Kayan fa?"

Wallahi ba don a kwance yake ba da na wanke shi tas.

"An kai," na ce. "An sauke, kowa ya kama gabansa. Kai kaɗai ka rage."

"Ba ni na kai ba," in ji shi, ya kau da kai.

Abin da ya ci shi ke nan, fiye da hannun da ya shanye. Duk tsawon rayuwarsa abin taƙamarsa ɗaya ne, cewa bai taɓa karɓar kayan mutum ya bar su a hanya ba. Taya ta fashe, gada ta karye, inji ya tsaya a dokar daji, shi dai sai ya ga an sauke buhun ƙarshe a ƙofar mai shi. Yanzu ga shi tafiyarsa ta ƙarshe wani ne ya ƙarasa masa.

Da muka dawo gida na sa aka shigo da kekena ɗakinsa, kusa da taga, don in riƙa ɗinki ina ganinsa. Likita ya ba shi wata ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cilla ta ƙarƙashin gado. Aka sayo masa sanda mai ƙafa uku, ta zama abin rataye tawul. Abinci sai ya ci loma biyu ya ture. Abokansa direbobi suka zo gaisuwa, ya yi kamar yana barci har suka gaji suka tafi. Yini guda fuskarsa na kallon bango. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a bayan gida inda ba zai ji ba. Na ga mijina yana tafiya a hankali ina kallo, kuma na rasa ta inda zan riƙo shi.

Autarmu ce ta zo da abin, cikin jakarta. Wani ɗan gem ne na hannu, irin na'urar wasan nan ta yara, na mijinta tun yana saurayi, duk gefensa ya goge. Bai fi tafin hannu biyu ba. Gilashi a tsakiya, a hagu wani maɓalli mai kusurwa huɗu na juyawa, a dama kuma maɓallai biyu kewayayyu, ja da baƙi.

"Baba, na jiragen ruwa ne," in ji ta. "Ana lodi, ana tafiya, ana saukewa. Aikinka ne sak."

Ya karɓa da hannun dama, don ita ba ya iya yi mata gardama. Ya yi ƙoƙarin riƙewa da dannawa da hannu ɗaya, abin ya suɓuce ya faɗo masa a ƙirji. Ya sake, ya sake suɓucewa.

"Ɗauke," ya ce. "Na masu hannu biyu ne."

Auta ta fita tana share ido. Amma ba ta tafi da shi ba, ta bar shi a kan teburin yankana, da cajarsa.

Wata rana da la'asar ina son in shimfiɗa yadi, na ɗauki gem ɗin in gusar, yatsana ya taɓa makunnin. Sai ga ƙarar ruwa da kukan tsuntsaye. Na duba, na ga wani ɗan jirgi mai farin ƙyalle yana lilo a bakin tasha. Na taɓa maɓallin hagu, jirgin ya juya. Kai, abin ya ba ni sha'awa. Na ƙara dannawa, ya tafi, ya tafi, ya je ya gwabza wa katangar tasha, ƙaf!

"Ke! Wane irin tuƙi ne wannan?"

Na waiga. Ashe mutumin ya juyo daga bango, yana leƙe ta gefen ido. Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa na manta.

"Tuƙin wadda aka hana koyo," na ce.

"Za ki kashe mutane. Kawo nan."

Na tayar da shi zaune, na jingina shi da matashi. Na zauna a hagunsa, ɓangaren da ya mutu. Hannuna na dama na zagaya da shi ta bayansa don kada ya zame, na hagu kuma na riƙe gefen gem ɗin. Shi ya kama ɗaya gefen da hannunsa mai lafiya. Ba wanda ya tsara, haka kawai zaman ya zo. Juyawa tawa, dannawa tasa. Ni ke kai jirgi inda za shi, shi ke saye, shi ke sayarwa, shi ke ɗaure jirgi a tasha, shi ke harba igwa in an tare mu. Ko sau ɗaya ban taɓa maɓallansa ba, shi ma ba ya iya kaiwa ga nawa, don haka sai dai ya yi ta ihu.

"Dama! Dama na ce! Ke ba ki san damarki ba?"

"Na san ta, tana bayanka tana riƙe da kai."

"Karen mota ma ya fi ki."

"To wa ke riƙe da sitiyari yanzu, ni ko kai?"

Ashe hannun da ya shekara yana lallaɓa yadi a ƙarƙashin allura ya san kwana. Ba a jima ba na iya shiga tasha ba tare da na goga ko'ina ba. Bai yaba ba, Direba ba ya yabo. Sai dai ya daina cewa karen mota ya fi ni, ya koma cewa mun yi kunnen doki.

Rubutun da ke fitowa a gilashin ba yarenmu ba ne, ba mu san ko harafi ɗaya ba. Da hotuna muke aiki. Mu muka raɗa wa garuruwan suna: akwai Garin Barkono, akwai Tashar Masu Jar Hula, akwai wani da muke kira Garin Marowata don komai ka kai musu sai sun taya a wulaƙance. Direba ya san ciniki, ya shekara yana jin 'yan kasuwa suna magana a gaban mota. Ya gane gishiri na da daraja a inda ake kamun kifi, auduga kuma a garin da ake sanyi. In ciniki ya yi kyau sai ya yi wata dariya da rabin baki, miyau na zubo masa, in goge da bakin mayafina ba tare da jirgi ya karkace ba. Ya fara cin abinci, don na ce ba na tuƙa mai jin yunwa. Har ƙwallon robar ya sa na zaƙulo masa, wai yana ƙara wa babban yatsa ƙarfi. Masu kawo ɗinki suka fara ƙorafi cewa kayansu na daɗewa. Na ce su yi haƙuri, ina da tafiya.

Rannan muka shiga Tashar Masu Jar Hula, sai ga wata tsohuwa a bakin ruwa, ta rusuna, da ɗan akwati a gabanta. Rubutu ya fito. Direba ya danna ja, kamar yadda ya saba in ana miƙo kaya. Akwatin ya shiga jirginmu, ya zauna a kusurwar gilashi, sannan taswira ta buɗe, wani ɗigo ya riƙa ƙyaftawa can ƙarshen duniya, a kan wani tsibiri mai doguwar hasumiya da fitila a kanta.

Da mijin Auta ya zo gaishe mu muka nuna masa. Ya yi dariya.

"Baba, ai wannan saƙo ne. Tsohuwar tana so a kai wa mai tsaron fitilar can. Amma ba dole ba ne, kuna iya ci gaba da cinikinku. Ni ma ban taɓa kaiwa ba. Akwai wani baƙin jirgin 'yan fashi a mashigin, ba ya barin kowa ya wuce."

Direba ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka karɓi kayan tsohuwa, ka ce ba dole ba?"

"Ai wasa ne, Baba."

"Allah ya sa ba haka kake riƙe mini 'ya ba."

Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ni kuwa na san wannan kallon. Tun daga ranar babu sauran zancen gishiri ko auduga. Akwatin nan sai ya isa.

Na tambaye shi me yake tsammani ke ciki. Na ce ƙila zinariya ce, tunda har 'yan fashi ke tsare hanya.

"Direba ba ya buɗe kaya," in ji shi. "Nasa ya kai."

Mashigin wani matsattsen ruwa ne tsakanin tuddai biyu. Kana shiga kiɗan gem ɗin zai canja, ya koma wani bugu mai tayar da hankali, sai baƙin jirgin ya ɓullo daga bayan tudu, ya ninka namu girma, igwa jere a cikinsa kamar haƙora. Aikina in juya masa gefenmu, aikin Direba ya danna baƙin maɓalli a daidai lokacin, ya sake, ya kuma sake, da sauri. Mukan fasa masa katako, har wani lokaci wuta ta kama ƙyallensa. Amma kafin mu gama da shi ya gama da mu. Jirginmu ya karkace, ya nutse, gilashi ya yi duhu, sai mu tsinci kanmu a bakin mashigin kuma, a kan ruwa, akwatin na nan a kusurwa yana jira.

Mun nutse har na daina lissafi. Ni ce na lura da wani abu. Ta gefen tudun hagu akwai duwatsu birjik a cikin ruwa, kuma tsakaninsu akwai wata siririyar hanya mai lanƙwasa, kamar wuyan riga. Babban jirgi ba zai shiga ba. Namu zai shiga, in mai tuƙi ya iya.

"Direba, mu bi ta can," na ce. "Ba sai mun yi faɗa da kowa ba."

"Hanyar ɓeraye."

"Hanyar lafiya a bi ta da shekara."

"Ban taɓa kauce wa ɗan fashi ba."

"Shi ya sa kullum muke ƙarƙashin ruwa! Kai kayan kake son kaiwa ko suna kake nema?"

Ya ƙi. Washegari ya ƙi. Na yi fushi na gaske, na ce taurin kai ne ya kwantar da shi tun farko, mutumin da aka ce ya sha maganin hawan jini ya ce shi ba ya shan ƙwaya yana tuƙi. Na zare hannuna daga bayansa, na koma kan kekena, na yi ta taka shi da ƙarfi ba don ina da abin ɗinkawa ba. Ya bar ni na yi mai isata. Da keken ya tsaya sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Tela. In muka bi ta duwatsu, ni me zan yi?"

Na waigo na dube shi, ya ci gaba.

"Can babu harbi. Juyawa ce kawai, taki ce. Ni sai dai in zauna a ɗauke ni, kamar buhu." Ya ɗaga babban yatsansa ya dube shi. "Wannan kaɗai ya rage mini da ke aiki."

Kunya ta kama ni, tausayi ya rufe ni. Na tashi na koma mazaunina, na mayar da hannuna bayansa. Ban ƙara ambatar duwatsu ba. Muka ci gaba da shiga mashigin, muna faɗa, muna nutsewa. Na ƙware wajen juya masa jirgi yadda harbinsa ba zai tafi a banza ba, kuma sau ɗaya saura ƙiris, har baƙin jirgin ya fara karkata. Ranar Direba ya yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya.

Amma ni da nake riƙe da shi na san abin da ke faruwa. Bayan da hannuna ke tallafe da shi kullum ƙara nauyi yake, yana ƙara zamewa. Harbin da a da yake fita uku a jere ya koma biyu, ya koma ɗaya. Wani lokaci in juya jirgi daidai, in jira, shiru, sai can in ji igwa ta tashi bayan abokan gaba sun wuce. Muka koma asibiti, likita ya canja magani, ya ja ni gefe ya yi mini irin maganar da likitoci ke yi suna kallon takalminsu. Ban faɗa wa Direba ba. Shi ma bai tambaya ba.

Wata la'asar, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon, muka shiga mashigin kamar kullum. Kiɗa ya canja, baƙin jirgi ya fito. Na juya masa gefe. Na ga yatsan Direba a kan baƙin maɓalli, yana rawa, yana dannawa, amma maɓallin bai shiga ba. Ya sake gwadawa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko harbi ɗaya ba mu yi ba aka nutsar da mu.

Muka dawo bakin mashigi. Ya sauke yatsansa daga kan maɓallin.

"Tela," ya ce. "Bi ta hanyarki."

"A'a. Ka huta, gobe ma yi faɗan."

"Kayan tsohuwa sun daɗe. Bi."

Abin da na yi ta roƙo ke nan, ga shi an ba ni, kuma ban taɓa jin maganar da ta yi mini ɗaci kamarta ba. Na karkata jirgi hagu. Na wuce dutse na farko, na wuce na biyu. Baƙin jirgi ya tsaya daga nesa yana harbin iska. Amma idanuna sun cika, gilashin ya zama ruwa biyu, ga hannuna ɗaya a bayansa, ɗaya a kan tuƙi, babu na gogewa. A kwana ta uku na ɗora mu a kan dutse. Jirgi ya tsage.

Sai na ji kafaɗarsa na girgiza. Na zaci kuka yake, ashe dariya ce.

"Na faɗa miki," in ji shi, "mota ba zani ba ce."

"Rufe mini baki. Kai ka cika ni da surutu."

"Gobe," ya ce. "Ki shiga kwanar da wuri. Kina bari sai kin zo kanta."

Washegari da safe na kawo masa ruwan wanke fuska na tarar ba ya amsawa. Aka kai shi asibiti, bai ƙara buɗe baki ba. Kafin mako ya zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Gida ya cika, gida ya watse. Direbobi suka zo, kowa na ba da labarin yadda ya taɓa jawo shi daga rami ko ya raba masa mai a daji. Yara suka yi kwanakinsu suka koma wuraren aikinsu. Auta ta so in bi ta gidanta, na ce ina da ɗinkin mutane. Da tana haɗa kayan ɗakin ta ɗauki gem ɗin, ta dube ni.

"Umma, in tafi da shi? Kada ya riƙa tayar miki da hankali."

"Ajiye. Akwai kaya a ciki."

Ta gane, don ta san ubanta. Ta ce, "To in zauna in danna miki ɓangarensa?"

Na ce a'a. Ban san dalili ba a lokacin, na dai ji ba zan iya ganin wani yatsa a wurin ba.

Na daɗe ban kunna ba. Ina ganinsa a kan tebur, in kau da kai. Amma in na zauna ɗinki sai tsohuwar nan ta faɗo mini a rai, da ɗan akwatinta, da mutumin da ke can yana jiran saƙon da bai san an aiko ba. Na ce wa kaina, ke, tsohuwar banza, hoto ne fa, zane ne aka yi a cikin roba. Sai wata zuciyar ta ce, to, shi Direba bai san hoto ba ne?

Ranar da na ɗauka, da la'asar ne. Na zauna a bakin gado, daidai inda na saba. Na kunna. Ga jirginmu a bakin mashigi, ga akwati a kusurwa. Na ɗora gem ɗin a kan matashi, na riƙe gefena, na karkata hagu. Na fashe a kwana ta uku. Na sake, na fashe a ta huɗu. Kullum in na gama aiki sai in zauna in gwada. Babu mai yi mini ihu, kuma wallahi tuƙi babu masifarsa ya fi wuya. Sai na tsinci kaina ina yi wa kaina: da wuri, Tela, shiga da wuri, kina bari sai kin zo kanta.

Ran nan na shiga da wuri. Na wuce ta uku, na wuce ta huɗu, akwai wata ta biyar da ban taɓa gani ba, siririya kamar ramin maɓallin riga, na lallaɓa na zura jirgin. Sai duwatsu suka ƙare. Kiɗan tashin hankali ya mutu. Ruwa ya buɗe, shuɗi, shimfiɗe, ga tsibiri can gaba da hasumiyarsa, fitila na juyawa a kanta.

Na kai jirgi bakin tasha a hankali, ban goga ko'ina ba, irin shigar da ko shi sai ya rasa abin cewa. Wani mutum ya sauko daga hasumiyar, dogo, siriri, ya tsaya a bakin ruwa ya miƙo hannu biyu. Rubutu ya fito, alamar jan maɓalli ta fara ƙyaftawa.

Na jira.

Mutumin na tsaye da hannuwa a miƙe. Alamar na ta ƙyaftawa. Har raina ya fara ɓaci.

"To danna mana!" na ce. "Me kake jira? Ga mutumin ya..."

Muryata ce ta dawo mini daga bango. Na duba damata. Gem ɗin na karkace, na tura rabinsa can gefe yadda na saba, don ya samu wurin kamawa. Hannuna na dama kuwa yana miƙe a bayan matashi, a lanƙwashe, yana tallafe da babu kowa. Ashe duk kwanakin nan haka nake zama, ban sani ba.

Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, ranar na yi shi. Na yi har na gaji, mutumin hasumiya na tsaye bai sauke hannu ba.

Da na samu numfashi na janyo hannun nawa, ya yi tsami don daɗewa. Na dubi maɓallan Direba da kyau, karo na farko. Fentin jan ya goge a tsakiya, baƙin kuma har ya ɗan lotsa ta gefe ɗaya, inda farcensa ke sauka. Na ɗora yatsana a kan jan. Ya yi mini faɗi. Na ce bismillah, na danna.

Akwatin ya bar kusurwar da ya daɗe a ciki, ya koma hannun mutumin. Ya durƙusa ya buɗe. Ba zinariya ba ce. Rigar sanyi ce, mai kauri, irin ta saƙar hannu, hannu ɗaya ma kamar ya fi ɗaya tsawo. Ya ɗaga ta ya duba, ya rungume ta a ƙirji, ya daɗe a haka. Sannan ya saka, ya ɗaga mana hannu, ya juya ya hau hasumiyarsa.

Shi ke nan. Babu kiɗa, babu komai. Can sai ga wani ɗan kasuwa ya fito da buhuna a bakin tasha yana neman mai lodi, alamar ja ta sake ƙyaftawa.

"A'a," na ce masa. "Mun tashi daga aiki."

Na kashe gem ɗin, na naɗe cajar a jikinsa. Na gyara matashin, na mayar da shi daidai inda yake jingina.

"Direba," na ce, "kaya sun isa. Riga ce, tsohuwar ce ta aika wa ɗanta. An sauke a hannun mai shi, ba abin da ya ɓace."

Na ɗan tsaya, ko zan ji an ce na yi jinkiri a kwana ta biyar. Sannan na tashi na koma kan keke, don akwai mai zuwa karɓar ɗinkinta kafin magariba.